`ls` ya ce folda wayam take, `rmdir` ya ce akwai kaya a ciki: wa zan gaskata?

SabonShiga_Linux
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako uku ke nan da na ɗora Ubuntu a kwamfutata, kuma na ƙudurta sai na iya aiki a baƙin allon nan, ba kullum ina bin linzami ba. To jiya wani abu ya ɗaure min kai. Akwai foldar wani aiki da muka yi da abokin karatuna, sunanta `aiki`. Na kwashe abin da nake so daga ciki, na share sauran da `rm -r *`. Na buga `ls`, bai nuna min ko ƙyallin abu ba. Na fito da `cd ..` na buga `rmdir aiki`, sai ya ƙi, wai `Directory not empty`. Na koma ciki na sake `ls`, wayam. Da na gwada `du -sh aiki` kuma sai ya ce 212M.

Ta yaya foldar da babu komai a cikinta za ta yi nauyin megabait 212? Wanne ne yake min ƙarya a cikinsu? Kuma don Allah wanda ya san hanyoyin duba abin da ke cikin folda ta taminal ya koya min, don na gane `ls` tsuransa kawai na sani.

Ummi_Py
Wa alaikumus salam. Babu wanda ya yi maka ƙarya. Shiga foldar ka buga `ls -a`, ka dawo ka ba mu labari.

Injiniya_Bala
Abin da Malama Ummi ta faɗa shi ne. A Linux duk sunan da ya fara da ɗigo, `ls` tsallake shi yake yi har sai ka ce masa ya nuna. Wannan `a` ɗin shi ne kamar ka ce masa "kawo duka". Za ka ga abu biyu a farkon jerin, `.` da `..`, kada su ruɗa ka. Ɗigo ɗaya ita ce foldar da kake ciki, ɗigo biyu kuma uwarta da ke sama, wadda ka koma lokacin da ka buga `cd ..`. In ba ka son ganin waɗannan biyun, sa babban harafi: `ls -A`.

SabonShiga_Linux
Allahu Akbar! Ga su nan: `.git`, `.env`, `.gitignore`. Wallahi ban taɓa sanin suna nan ba. Sai in share su in huta ko?

Ummi_Py
A'a, dakata tukuna ƙanina! `.git` ɗin nan ita ce tarihin aikinku gaba ɗaya, duk gyaran da kuka taɓa adanawa yana ciki. Har fayilolin da ka share jiya za ka iya dawo da su daga gare ta, muddin an taɓa adana su. In ba ku tura aikin wani wuri ba, kana share ta shi ke nan. `.env` kuma galibi kalmomin sirri ake sakawa a ciki, don haka kada ka ɗauki hoton abin da ke cikinta ka turo mana nan.

Tsohon_Sabar
Ina jin daɗin irin wannan tambayar, domin kowa ta nan ya bi. `ls` ya girmi yawancinmu. Yana cikin littafin jagorar Unix na farko da ya fito a 1971, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta a Bell Labs ta Amurka. Ɓoye sunaye masu ɗigo kuwa ba a zauna aka tsara shi ba. Rob Pike, wanda shi ma ya yi aiki a can, ya ba da labarin a 2012. An so ne a hana `.` da `..` fitowa a kowane jeri, sai mai rubuta shirin ya yanke hanya: maimakon ya duba ko sunan ɗaya ne daga cikin biyun nan, sai ya duba harafin farko kawai, in ɗigo ne ya wuce. Daga nan duk fayil mai farawa da ɗigo ya ɓace wa ido, mutane kuma suka ga abin ya yi musu, suka riƙa ajiye fayilolin saiti da irin wannan suna. Buga `ls -A ~` ka ga yadda suka cika gidanka: `.bashrc`, `.config`, `.cache`, `.ssh` da sauransu.

Hafsat_IT
Ni abin da nake so a jaddada wa sababbi shi ne wannan ɓoyon ba tsaro ba ne. Na sha ganin mutum ya sa wa folda ɗigo yana ganin ya kulle ta. Duk wanda ya san `-a` ya gan ta. Ko a tagar fayiloli ta Ubuntu kana danna Ctrl da H za su bayyana.

Kwamred_Nura
Mu 'yan Windows kada a manta da mu. A cmd, wato baƙin allon Windows, umarnin `dir` ne, kuma can ɓoyo ba ruwansa da ɗigo, alama ce ake liƙa wa fayil. `dir /a` shi ke nuna komai, `dir /a:h` kuma ɓoyayyun kawai.

Wannan ya taɓa yi min rana. Wata abokiyar aikinmu ta zo idonta cike da hawaye, filash ɗinta da ke ɗauke da aikin wata huɗu ya koma ba komai sai shotkot. Ta riga ta yanke shawarar ta wanke shi ta fara daga farko. Na ce ta ba ni minti biyu. Na buɗe cmd, na shiga `E:`, na buga `dir /a`, sai ga foldodinta reras, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Bairos ne ya liƙa musu alamar ɓoyo da ta tsarin kwamfuta. Na buga `attrib -h -r -s /s /d E:\*.*` suka dawo fili, sannan muka share shotkot ɗin muka bi filash ɗin da maganin bairos. Da ta wanke shi fa, aikin yana nan lafiya ƙalau za ta hallaka shi da hannunta.

Auwal_js
Kwamred, ni kuma a Windows ɗina `ls` yana aiki, amma `ls -la` da na gani a wani bidiyo sai ya watso min jan rubutu. Mene ne matsalar?

Kwamred_Nura
PowerShell kake ciki ke nan, ba cmd ba. A can `ls` laƙabi ne kawai na wani umarni mai suna `Get-ChildItem`, shi ma `dir` haka. Suna ɗaya ne da na Linux amma ba abu ɗaya ba ne, shi ya sa bai san `-la` ba. In kana son ɓoyayyu ka rubuta `ls -Force`, in kana son ya nutsa cikin ƙananan foldodi `ls -Recurse`.

SabonShiga_Linux
Na gode ƙwarai, Anti Ummi ban share ba. Amma wani ruɗanin ya sake tasowa. Na buga `ls -la` ga abin da ya fito:

```
total 20
drwxrwxr-x  3 sabo sabo 4096 Mar  3 21:14 .
drwxr-x--- 17 sabo sabo 4096 Mar  3 20:02 ..
-rw-rw-r--  1 sabo sabo  187 Feb 11  2023 .env
drwxrwxr-x  8 sabo sabo 4096 Mar  1 18:40 .git
-rw-rw-r--  1 sabo sabo   64 Feb 11  2023 .gitignore
```

Ko na tara lambobin nan gaba ɗaya ba su kai megabait ɗaya ba. To ina 212M ɗin?

Injiniya_Bala
Yauwa, gani ya kori ji. Mu bi layin `.git` daga hagu.

Harafin farko nau'in abin ne: `d` folda, karan ɗori fayil na yau da kullum, `l` kuma mahaɗi mai nuni zuwa wani wuri. Haruffa tara da ke biye izini ne, uku-uku: na mai abin, na rukuninsa, na sauran jama'a. `r` karantawa, `w` rubutawa, `x` gudanarwa, a folda kuma `x` izinin shiga ne. Lambar da ke biye, 8, adadin mahaɗan da ke nuni gare ta ne. Sai sunan mai ita, sai rukuni, sai girma, sai lokacin da aka yi gyara na ƙarshe, sai suna.

To girman nan shi ne inda ka maƙale. Ita folda a Linux wani ɗan fayil ne da ke riƙe da jerin sunaye da inda kowanne yake, tamkar takardar da aka liƙa a ƙofar sito. `ls -l` nauyin takardar yake gaya maka, ba nauyin kayan da ke cikin siton ba. 4096 ɗin da kake gani a kowace folda bulo ɗaya ne na tsarin diski mai suna ext4, mafi ƙanƙantar wurin da ake yanka mata. Mai shiga sito ya auna kaya ɗaya bayan ɗaya shi ne `du`. Gwada `du -sh .git`, ina da yaƙinin nan za ka ga megabait ɗinka.

Hafsat_IT
Ƙari a kan bayanin Injiniya: ka lura `.env` an rubuta mata 2023 amma `.git` an rubuta mata 18:40? In gyaran ya haura wata shida, `ls` shekara yake sawa a madadin awa. In kana son cikakken lokaci ga kowa, `ls -l --full-time`.

Ɗan_Taminal
Kuma `total 20` ɗin nan na sama ba adadin fayiloli ba ne, mutane da yawa haka suke zato. Jimillar wurin da abubuwan da aka jera suka ci a diski ne, a ma'aunin kilobait. Abu biyar, kowanne kilobait huɗu, ashirin ke nan. Ko `.gitignore` mai bait 64 sai da aka ba ta bulo guda cur.

Ni dai shawarata ga mai tambaya: haddace `ls -lah` ka huta. `h` ɗin zai mayar maka da lambobi zuwa K da M da G.

Tsohon_Sabar
`-lah` yana da kyau, amma in za a ce in zaɓi guda ɗaya tal a rayuwata ta aiki, `ls -ltr` zan ɗauka. `t` yana jerawa bisa lokaci, `r` yana juya jerin, sai sabon fayil ya faɗo can ƙasa daidai inda idonka yake. A foldar da ke da fayil ɗari biyar ba sai ka yi ta gungurawa sama ba. Duk ranar da aka tashe ni cikin dare wai sabar ta tsaya, abu na farko da nake yi shi ne in shiga `/var/log` in buga shi. Layi ukun ƙarshe su ke gaya min wane ne ya yi magana kafin abin ya faɗi. In kuma diski ne ya cika, `ls -lSh | head` zai fito min da manya-manyan tun daga sama.

Auwal_js
Gaskiya ni har yanzu ban ga dalilin wannan wahalar ba. Duk abin da kuka lissafa, a taga danna kan layin "girma" ko "kwanan wata" kawai zan yi ya jeru. Me zai sa in haddace haruffa?

Ummi_Py
Malam Auwal, a kan kwamfutarka kana da gaskiya, ni ma hotuna a taga nake duba su. Amma ranar da aka ba ka sabar da ke wata ƙasa aka ce shiga ta `ssh` ka gyara, babu taga babu linzami, baƙin allo ne kawai ke kallonka. Kuma taga ba za ta ba ka jerin sunaye ka zuba a fayil ba cikin daƙiƙa guda. `ls > jeri.txt`, an gama.

Auwal_js
Na yarda da batun sabar. Amma ga wanda ba zai taɓa riƙe sabar ba, ina nan a kan bakana.

MamanKod
Tunda an zo maganar zuba sakamakon `ls` a wani wuri, bari in faɗi abin da ya same ni, ko wani zai tsira.

Ina da foldar hotuna da na tara shekara da shekaru. Na rubuta ɗan gajeren umarni da zai kwafe su zuwa diskin ajiya:

`for f in $(ls *.jpg); do cp $f /ajiya/; done`

Ya gudu, rubutu ya yi ta wucewa da sauri, ban tsaya na karanta ba. Na leƙa `/ajiya` na ga hotuna birjik, hankalina ya kwanta, na share na asalin don in samu wuri. Bayan kusan wata biyu na je neman wani hoto mai suna `ranar kammala karatu 2.jpg` na rasa. Ashe duk sunan da ke da tazara a tsakiya, shel, wato shirin da ke karanta umarnin da ake bugawa a taminal, ya daddatsa shi. Ya nemi fayil mai suna `ranar` bai samu ba, ya nemi `kammala` bai samu ba, haka har ƙarshe. Rubutun da ya yi ta wucewa ƙorafinsa ne yake gaya min. Waɗanda na zauna na raɗa wa suna da hannuna, wato waɗanda na fi so, su ne suka tafi. Masu sunan kyamara irin `IMG_0412.jpg` kuwa duk sun tsira.

Daidai shi ne a cire `ls` daga lissafin gaba ɗaya:

`for f in *.jpg; do cp -- "$f" /ajiya/; done`

`ls` don idon mutum aka yi shi. Kada a ɗora wani shiri a kan abin da ya fitar.

Hafsat_IT
Allah ya mayar miki da alheri, Maman. Abin ya taɓa min zuciya.

Ɗan_Taminal
Allah ya kiyaye gaba. Amma da girmamawa, Hajiya, ina ganin hukuncin ya yi tsauri. Ni ba na sa tazara a sunan fayil ko kaɗan, layin ƙasa nake sawa. Shekarata shida ina rubuta `$(ls)` ban taɓa ganin matsala ba.

Tsohon_Sabar
Ɗana, kai ne ba ka sa tazara. Fayil ɗin da wani zai turo maka gobe fa? Ko wanda burauza za ta sauke da sunan da ta ga dama? A Linux abu biyu ne kawai aka haramta a cikin suna: alamar `/` da bait ɗin sifili. Duk sauran halal ne, har da tazara, da tauraro, da sabon layi a tsakiyar suna. Suna yana iya farawa da karan ɗori ma, umarni ya ɗauka zaɓi ne ka ba shi, shi ya sa Maman ta sa `--` kafin sunan. Hanyar da ta nuna ta fi taka gajarta, ta kuma fi aminci. Me za ka rasa in ka koma mata?

Ɗan_Taminal
A shirin da zan ba wani na yarda, Baba. A abin da nake bugawa da hannuna a foldar da na san kowane suna a cikinta, ban ga laifi ba.

MamanKod
Ni ma na ɗauka na san kowane suna a tawa foldar. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle, ka yi min uzuri in na matsa.

Zainab_Data
Tambaya a kan wannan: ni sunaye masu tazara `ls` yana nuna min su cikin alamar zance, kamar `'rahoton wata.pdf'`. Na ɗauka alamar tana cikin sunan har na yi ta ƙoƙarin cire ta.

Injiniya_Bala
Ba ta ciki, Malama. Tun fitowar coreutils 8.25 (kunshin da `ls` yake ciki) a 2016 `ls` na GNU ya fara yin haka a taminal, don in kin kwafi sunan kin liƙa a wani umarni ya yi aiki kai tsaye. Mutane da dama ba su so canjin ba a lokacin. In yana damun ki, `ls -N` zai nuna su tsura.

SabonShiga_Linux
Injiniya ka yi gaskiya, `du -sh .git` ya ba ni 211M. Amma akwai abin da har yanzu ban gane ba a tambayata ta farko. Na yarda `ls` yana ɓoye masu ɗigo. To shi `rm -r *` me ya hana shi share su? Ba tauraro yana nufin komai ba ne? Ko shi ma `rm` ɓoye-ɓoyen yake yi?

Ummi_Py
Wannan tambayar ta fi ta farko ma. `rm` bai taɓa ganin tauraron nan ba. Kafin a kira shi, bash, wato shel ɗin da kake bugawa a ciki, shi ne yake ɗauke tauraron ya maye gurbinsa da sunayen da suka dace, sannan ya miƙa wa `rm` jerin. Shi kuma bash a al'adarsa ba ya sa masu farawa da ɗigo a cikin tauraro. Ka gwada `echo *` a kowace folda, za ka ga jerin sunaye ba tare da `ls` ya sa hannu ba. Wannan al'adar ce ta cece maka `.git` jiya.

Shi ne kuma dalilin da ya sa `ls *` yake ba mutane mamaki. Bash ya miƙa masa sunayen foldodi, shi kuma duk foldar da aka ba shi da suna sai ya buɗe cikinta ya zazzage. In foldodin kansu kake son gani ba kayan cikinsu ba, `ls -d */`. In masu ɗigo kaɗai, `ls -d .*`.

Kwamred_Nura
A cmd akasin haka ne, `dir` da kansa yake fassara tauraron. Ga masu so: `dir /b` sunaye zalla, `dir /s` har ƙananan foldodi, `dir /o:-d` sabo a sama, `dir /p` shafi-shafi. `tree /f` kuma yana zana maka foldar kamar bishiya da rassanta, kuma yana nan tun asali. A Ubuntu sai ka sauke `tree` da kanka.

Bashir_Termux
Ni ba ni da kwamfuta, a waya nake koyo da Termux, kuma duk abin da kuka faɗa na gwada ya yi aiki. Abin da ya wahalar da ni a farko shi ne `ls` bai nuna min hotuna da abubuwan da na sauke ba. Sai da na buga `termux-setup-storage` na ba shi izini, sannan folda `storage` ta bayyana. Da na yi `ls -l ~/storage` sai na ga kowane layi ya fara da `l`, ga kibiya `->` tana nuna ainihin wurin. Yau da Injiniya ya ce `l` mahaɗi ne na fahimci abin da nake kallo tun watanni.

Zainab_Data
A yi hattara da Mac dai. `ls` ɗinsa daga zuriyar BSD yake, ba na GNU ba. `-l`, `-a`, `-t`, `-h` duk ɗaya ne, amma wasu sun saɓa. `-G` a Mac launi yake kunnawa, a Linux kuma ɓoye layin rukuni yake yi. `--group-directories-first` da nake ƙauna a Ubuntu, Mac bai san shi ba.

Wani abu kuma: ina da fayiloli `babi1` har `babi12`, `ls` sai ya sa `babi10` kafin `babi2`. A Linux `ls -v` ya gyara min.

Hafsat_IT
Batun jeri yana da alaƙa da saitin harshe ma. A kwamfutata manya da ƙananan haruffa a gauraye suke jeruwa, amma a wata sabar duk masu babban harafi ne a gaba. Saitin `LC_ALL=C` ne ke kawo haka. A irin wannan saitin ne kuma sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ suke fitowa a matsayin lambobi ko alamar tambaya. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, nunin ne ya gaza. Ana mayar da saitin UTF-8 suna dawowa daidai.

Tsohon_Sabar
Bari in ƙara ɗaya da ba kowa zai haɗu da shi ba, amma ranar da ka haɗu da shi za ka tuna ni. Wani shiri ya taɓa zubar mana da ƙananan fayiloli sama da dubu ɗari takwas a folda guda. Na buga `ls`, allo ya yi tsit kamar kwamfutar ta mutu. Ba mutuwa ta yi ba. `ls` sai ya karanto sunayen duka ya jera su kafin ya nuna ko ɗaya, ga shi kuma saboda launi yana tsayawa ya tambayi nau'in fayilolin. Na katse shi na buga `\ls -f | head`, nan take sunaye suka fito. `-f` yana hana jerawa, sandar da ke gaban sunan kuma tana tsallake laƙabin da ke kunna launi. Da na gwada `ls *.tmp` sai ya ce `Argument list too long`, domin kamar yadda Ummi ta bayyana, bash ne ya buɗe tauraron, jerin kuma ya fi ƙarfin abin da ake iya miƙa wa umarni guda. A nan `find . -maxdepth 1 -name '*.tmp'` ne magani, don shi da kansa yake tace sunayen.

Ɗan_Taminal
Tunda Baba ya ambaci laƙabi: mai tambaya, buga `ll` ka gani. Ubuntu ya riga ya sa maka shi a `.bashrc`, yana nufin `ls -alF`. `F` ɗin yana liƙa `/` a bayan folda, `*` a bayan abin da ake gudanarwa, `@` a bayan mahaɗi. Sai dai kada ka saba da shi har ka manta asalin, don a wata na'urar ba za ka same shi ba, a Fedora kuma, wani nau'in Linux, `ll` ba ya nuna ɓoyayyu.

Ni yanzu ma `eza` nake amfani da shi, wanda ya gaji `exa`. Yana nuna halin git a gefen kowane fayil.

Injiniya_Bala
Kayan zamani suna da daɗi, amma sabo ya fara ƙwarewa a wanda zai tarar a kowace na'ura. Kuma ya saba da `man ls`, duk haruffan nan suna ciki.

Auwal_js
To ga wata: wanne zaɓi ne ke nuna ranar da aka ƙirƙiri fayil? Na ga `-c` na ɗauka shi ne.

Hafsat_IT
Ba shi ba ne, kuma mutane da yawa sun faɗa wannan ramin. `-lc` lokacin da bayanan fayil suka canza ne, kamar izini ko mai shi. `-lu` lokacin da aka karanta shi. Ranar haihuwarsa `stat sunan_fayil` ke nunawa a layin `Birth`, in tsarin diskin yana adana ta. Sababbin `ls` na GNU kuma suna karɓar `--time=birth`.

Auwal_js
A taga wannan danna-dama ɗaya ne fa.

Ummi_Py
Ga fayil ɗaya, e. Ga fayil dubu fa?

SabonShiga_Linux
Jama'a Allah ya saka da alheri, na cika shafi biyu a littafina. Na kira abokina, ashe bai taɓa tura aikin ko'ina ba, `.git` ɗin nan ita kaɗai ta rage mana. Na kwafe ta zuwa filash. Yanzu kuma na shiga foldar wani mai amfani da kwamfutar da aka ba ni izinin dubawa, na yi `ls -l`, sunayen sun fito amma duk sauran layin alamar tambaya ce, `-????????? ? ? ? ?`. Ita ma wata ɓoyayyiyar ce?

Injiniya_Bala
A'a, wannan izini ne. An ba ka `r` a kan foldar ba a ba ka `x` ba. Kana iya karanta takardar da ke ƙofar siton, amma ba ka da ikon shiga ka duba kayan, shi ya sa ya san sunaye bai san girma ko lokaci ba. Fito waje ka buga `ls -ld` da sunan foldar, ka turo mana layin mu ga haruffa taran nan.

MamanKod
Kuma kafin ka cire filash ɗin, yi `ls -A` a cikinsa ka tabbata `.git` ta shiga da gaske. In da `cp -r *` ka kwafa, ba ta bi ba.